Manyan Kantunan Da, Da Yadda Kayansu Suka Iske Mu Har Ɗaki

  

Yau tarihin kanti za mu taɓa, wato manyan kantunan nan masu rassa gari-gari da aka yi yayinsu a Kano, irin su Kingsway da Leventis da UTC, har mu gangaro kan wanda aka buɗe mana nan kusa, a titin Gidan Zoo, aka kuma rufe muna ji muna gani. Na san wata za ta ce, to ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa sai da dalili, ina ruwana da kanti? Ki ɗan duba kan kantarki ta kicin, 'yar uwa. Gwangwanin madara, ƙullin omo, ɗunkulen miya, kusan kowannensu ta wannan hanya ya biyo kafin ya zo hannunki.

Ita kanta kalmar kanti baƙuwa ce. Turawa ne ke kiran shagunan kamfanoninsu na farko da wani suna mai kama da "kantin". Da Bahaushe ya ji, sai ya ɗauka irin "n" ɗin nan ce ta gidan wane ko dokin wane, ya cire ta, ya bar kanti. Har yau in kin saya wa yarinya rigar da ba tela ya ɗinka ba, ai 'yar kanti kike ce mata.

Kafin zuwan kanti Kano ba ta rasa kasuwa ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, shekara ɗari biyar da ɗoriya ke nan. Abin da ya canja lissafi shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Shekara guda bayan haka, a 1912, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turai suka yi ta kwararowa: Kamfanin Neja, da John Holt, da G.B. Ollivant, da Paterson Zochonis wanda muka fi sani da PZ, da CFAO na Faransawa. Ba su shiga cikin ganuwa ba. Waje suka kafa, kusa da tashar jirgi, domin kayansu ta nan suke sauka, gyaɗa da fata kuma ta nan suke tafiya. Kantin wancan lokaci fuska biyu gare shi. Ta ɗaya gefen akwai sikeli, ana auna gyaɗar manomi a biya shi. Ta ɗaya gefen kuma akwai kanta, an jera akoko da gishiri da kananzir da ashana da fitila. Kuɗin da kamfani ya fitar ta wannan ƙofa, kafin la'asar ya dawo masa ta waccan. Tsakaninsu da manoma akwai 'yan kasuwarmu da ke saya musu gyaɗa, babbansu Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ga kuma Kwarori da suka kama cinikin yadi a wajen da ya zama Kantin Kwari.

A 1929 aka haɗe Kamfanin Neja da wani babban kamfanin Ingila, aka sami UAC. Shi ne uban Kingsway. Sunan ma na wani titi ne a Landan inda ofishinsu yake. A 1948 suka buɗe katafaren Kingsway a Legas, daga baya rassa suka bazu zuwa Ibadan da Fatakwal da Jos da Kaduna da nan Kano. Leventis kuwa sunan mutum ne, Anastasios Leventis, ɗan tsibirin Kubrus, wanda ya fara kasuwancinsa a ƙasar Gana ta yau kafin ya tsallako Nijeriya. Gidansu ne ya kafa kamfanin da ke ɗura Coca-Cola a ƙasar nan, a 1951. UTC ta mutanen Suwizalan ce, tushenta wata ƙungiyar mishan ta birnin Basel, Chellarams kuma ta Indiyawa.

Me ya bambanta su da kantin sikeli? Abu na farko, kai za ka ɗauki kaya da hannunka. Wannan dabara daga Amurka ta fito. Wani mutum mai suna Clarence Saunders ne ya buɗe shago a birnin Memphis a 1916, inda mai saye zai zaga ya zaɓi abin da yake so, ya biya a bakin ƙofa. A 1937 wani mai kantuna, Sylvan Goldman, ya ƙirƙiro keken zuba kaya, don ya lura in kwando ya yi wa mutum nauyi sai ya daina saye. Abin dariya, da farko mutane ƙin keken suka yi. Mata suka ce ya yi kama da keken tura jarirai, maza suka ga raini ne a ce ba za su iya ɗaukar kwando ba. Sai da ya yi hayar mutane suna zagawa da keken kamar masu sayayya, sannan aka saba. Kin ga ke nan tun ran gini tun ran zane: an yi keken ne don hannu ya daɗe yana ɗauka.

Abu na biyu, farashi a rubuce. Babu tayi, babu albarka, babu "ƙara dai Alhaji", babu gyara. Ga Bakano wannan kamar an cire wa miya gishiri ne, don a wurinmu ciniki hira ce da sanayya. Amma ni a ganina rubutaccen farashi yana da wani alheri da ba a cika faɗa ba, musamman ga mace mai aike. Yaron da kika tura Kurmi, kuɗin kaya ya danganta da wayonsa da kuma imanin mai shago. Wanda aka tura kanti kuwa da takardar shaidar biya zai dawo, ba a cuce shi don ƙanƙantarsa ba, shi ma ba shi da damar yin ƙwange.

To amma su wa ke shiga? Da fari Turawan Nasarawa da Bompai ne, da Kwarori, da ɗaiɗaikun manyan ma'aikata. Akwai ɗakin sanyi da ake ajiye nama da cuku da man shanun da aka ɗauko tun daga Turai, alhali ga 'yar Fulani tana yawo da nata sabo a ƙwarya. Bayan samun 'yancin kai a 1960, 'yan ƙasa suka hau kujerun da Turawa suka bari, suka kuma gaji kantunansu.

A wancan zamani nan wajenmu, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, bayan gari ne, gonaki sun fi gidaje yawa. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zama gwamna, sai gari ya fara miƙe ƙafa ta hanyar Zariya. Aka yi Gidan Zoo, aka yanka filaye, aka gina rukunin gidaje irin na Kundila, ma'aikata masu albashi suka tare. A 1973 aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo. Sai ga kuɗin man fetur, sai ga ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 har da bashin watannin baya. Iyayenmu da suka ga lokacin suna ba da labarin yadda maigida kan dawo ƙarshen wata da kwali a bayan Vespa ko a but ɗin mota: Bournvita, madarar Peak, sukari mai ƙwaya, kifin gwangwani, sabulun Lux. Rediyo da fanka da keken ɗinki duk a shekarun nan suka cika ɗakunan mata.

Sai dai fa ita wadda za ta dafa, ta wanke, ta shafa, ba ita ke zuwa kantin ba. An gina shi ne don mai mota da matar da ke fita, mu kuwa a unguwanninmu maigida ke cefane. Saboda haka kayan kanti sai da suka bi hanyoyinmu na gado kafin su same mu. Babban ɗan kasuwa ya sari katan-katan a wurin kamfani, mai tebur na bakin layi ya sara a wurinsa, ya fasa kwali ya sayar da sukari ƙwaya-ƙwaya, omo kuma a ƙulle a leda. Ɗan koli ya zo zaure da hoda da turare Bintu Sudan, yara su shigo da tiren a zaɓa. Dillaliya kuma, wadda ita ce babbar kantin matan kulle, ta shigo har tsakar gida da ƙullin atamfa da kwanuka, ta bayar bashi, a biya ta in an kwashi adashi. Wata baturiyar Amurka mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna a Kano a shekarun 1970 tana nazarin wannan harka, ta nuna yadda sana'ar matan aure a cikin gida ta rataya a kan yaran da ke kai da kawowa. Abin da ta rubuta da Turanci, kowace uwa a nan ta san shi tun tana 'yar talla.

Masu kamfani sun san da wannan katanga, kuma talla ce tsanin da suka kafa mata. Tun 1928 aka kafa wani kamfanin talla mai suna West African Publicity, wanda ya zauna ƙarƙashin inuwar UAC, daga baya ya zama Lintas. Da allunan ƙarfe masu fenti aka fara, ana kafawa a jikin kantuna da tashoshin jirgi. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, talla ta sami shiga cikin Hausa a rubuce. Akwai kuma motocin majigi da kan tsaya a fili da dare, a nuna fim, a tsakiya a sako tallar sabulu ko maganin ciwon kai. Da yake yawancin jama'a ba su yi boko ba, hoto shi ne suna. Shi ya sa har gobe muke sayen kaya da alamarsu, mu ce mai giwa, mai zakara, mai tauraro. Wani sunan kuma ya yi ƙarfi har ya haɗiye 'yan uwansa: duk garin wanki omo ne, duk ɗunkule magi ne. In kin aiki yaro ya sayo "omo mai giwa", kin haɗa kamfani biyu masu gaba da juna a baki ɗaya, don Omo na Lever Brothers ne, mai giwa kuma na PZ.

Amma allo yana titi, jarida tana hannun maigida, majigi kuma na maza da yara ne. Abin da ya tsallake zaure ba tare da sallama ba shi ne wannan akwatin da kike saurare na a ciki yanzu. Rediyon waya, mai akwati a jikin bango, ya zo Kano a 1944. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda ke karɓar talla, sannan ƙaramar rediyo mai batir ta yi araha har ta shiga kayan ɗakin amarya. Daga nan mai talla ya sami kunnen uwargida tana tsakiyar tuƙa tuwo.

Bari in ɗan buɗe miki cikin aikinmu, tunda abin da muka karanta ke nan, kuma da kuɗin talla gidajen rediyo ke sayen man janareta. Talla ba ta cika yi miki bayanin kaya ba. Waƙa ake sa mata, gajera, mai kiɗan da kika saba ji a biki, a maimaita ta safe da yamma har yaranki su haddace. Sai a kawo muryar mace kamar ke, tana ba ƙawarta shawara. Sai a ɗaura kayan a jikin abin da zuciyarki ta fi damuwa da shi: maigida ya yaba miya, kishiya ta ga hasken wankinki, yaro ya yi ɓulɓul. A rufe da karin maganar da ba mai musa ta, a ce sai an gwada akan san na ƙwarai, ko sayen nagari mayar da kuɗi gida. Karin maganar gaskiya ce. Ko kayan nagari ne, wannan kuma sai a tukunya za a sani.

Ba zan ce duk abin da talla ta kawo sharri ne ba. Wadda ta taɓa wankin kayan yara shida da sabulun salo ta san garin wanki rahama ne. Sai dai akwai waɗanda suka biya kuɗin wannan sauƙi, kuma mata ne 'yan uwanmu. Mai daddawa, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mai sabulun gargajiya, duk a cikin gida suke sana'arsu, ba su da waƙa a rediyo. Kwabon da a da yake fita daga wannan ɗaki ya shiga na maƙwabciya, sai ya koma fita daga unguwar gaba ɗaya. Daddawa dai ta ƙi mutuwa, don miyar kuka ba ta yarda da ɗunkule shi kaɗai ba.

Inda abin ya yi muni shi ne madarar jarirai. A shekarun 1960 da 1970 an tallata ta a ƙasashen Afirka kamar ta fi nonon uwa, da hoton jariri mai kumatu a jikin gwangwani. Uwa ta saki nono ta kama kwalba, ga ruwan ba tafasasshe ba, ga madarar da tsada har sai an tsinka ta da ruwa don ta kai ƙarshen wata. Gudawa da tamowa suka kashe yara masu yawa. Sai da aka yi ta kai ruwa rana kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar hana irin wannan talla a 1981, Nijeriya kuma ta yi tata dokar a 1990. Shi ya sa yau za ki ga an rubuta a jikin gwangwanin cewa nonon uwa ya fi. Ba don Allah kamfani ya rubuta ba, tilasta shi aka yi.

To me ya kashe manyan kantunan? Wasu kan ce dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ce. Gaskiya ne a 1972 gwamnatin Gowon ta wajabta wa irin waɗannan kantuna sayar wa 'yan Nijeriya kashi 40 cikin ɗari na hannun jarinsu, a 1977 kuma gwamnatin Obasanjo ta ɗaga zuwa kashi 60. Amma bayan dokar sun ci gaba da ciniki, har ma a lokacin suka fi cika. Ciwon ajalin daga baya ya zo. Kusan duk abin da ke kan kantocinsu daga waje ake kawo shi, da kuɗin waje. Da farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu a 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasisi. A 1984, zamanin Buhari na soja, mutane layi suke bi don madara da sukari da sabulu. Sai Babangida ya kawo tsarin SAP a 1986, aka karya darajar naira. Nairar da a 1985 ta fi dala ɗaya daraja, kafin ƙarshen 1986 sai an ba da uku zuwa huɗu ake samun dala.

Ki kwatanta da sana'arki. Kin sari buhun fulawa, kin soya, kin sayar, kin haɗa kuɗin, kin aika kasuwa, aka ce miki yanzu rabin buhu za su saya. Haka ya sami Kingsway, ga kuma albashin ma'aikata, ga kuɗin wuta da na sanyaya ɗaki, ga haraji. Ma'aikacin gwamnatin da ke cika kwali a da, albashinsa ya koma ba ya kai shi tsakiyar wata. Shi kuwa ɗan kasuwar Singa ko Sabon Gari ba shi da wannan nauyi, wani ma kayansa ta Kwatano da Maraɗi suka biyo ba su ga jami'in kwastan ba. A hankali kantoci suka yi fayau, aka riƙa rufe rassa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya tsira daga Kingsway shi ne ɓangaren abincinsa, wanda UAC ta mayar Mr Bigg's a 1986.

Kamfanonin da suka rayu, dabarar mai tebur suka ara. A 1993 masu madarar Cowbell suka fara ƙulla ta a 'yar ƙaramar leda ta shan shayi ɗaya, sauran suka bi sahu. Wato abin da mata ke yi a tsakar gida tun tuni, a fasa babba a ƙulla ƙanana daidai kuɗin hannun mai saye, shi injin kamfani ya koma yi.

Gurbin da aka bari kuma 'yan gida suka cike shi. Sahad, na Alhaji Ibrahim Mijinyawa, da Jifatu da ire-irensu sun ɗauki tsarin ɗauki-da-kanka da rubutaccen farashi, amma suka zuba abin da gidan Bahaushe ke nema: atamfa da leshi da shadda, akwatunan lefe, kayan kicin na amarya, kayan azumi. Zamani ma ya sassauta, maigida kan ɗauki iyali a mota a je tare, ko mata su haɗu su je haɗo lefe. Titin Gidan Zoo, wanda a da hanyar zuwa kallon namun daji ce kawai, ya zama layin kantuna.

A kan wannan titi ne aka buɗe rukunin kantuna na Ado Bayero a watan Maris na 2014, 'yan watanni kafin rasuwar Sarkin da aka sa wa wurin sunansa. Babban ɗan haya a ciki shi ne Shoprite, kamfanin Afirka ta Kudu da ya fara shigowa Nijeriya ta Legas a 2005. Wadda ta je da Sallah a shekarun farko ta ga cika: 'yan mata da samari an ci ado, ana ɗaukar hoto, ana layin burodi. Sai dai mai kallo ya fi mai saye yawa, kuma keken Goldman ba ya cika da hoto. A 2021 uwar kamfanin ta sayar da harkarta ta Nijeriya ga masu zuba jari 'yan ƙasa. A 2023 aka cire tallafin man fetur, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kaya suka yi tashin gwauron zabi. A watan Janairun 2024 aka rufe reshen Kano, bai cika shekara goma ba. Ciwon da ya kwantar da Kingsway a bayan 1986, shi ne dai ya dawo.

Yanzu kuma wani kantin ya buɗe a tafin hannunki. Mata da yawa a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Hausawa da Unguwa Uku suna saro atamfa da turaren wuta da kayan kicin, su ɗauki hoto su sa a WhatsApp, mai so ta turo kuɗi ta banki, a ba ɗan sahu ya kai mata har ƙofar gida, ba wadda ta taka zaure a cikinsu. Ita ce mai kantin, ita ce dillaliya, ita ce kuma mai shirya tallar, har da zaɓen hasken da zai sa atamfar ta fi kyau a hoto. Mai saye ta nan ba ta da damar taɓa yadi ta ji kaurinsa, ba ta kuma iya juya gwangwani ta duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewarsa sai kaya sun iso. Don haka a yi magana tun kafin a tura kuɗi, a amince cewa in abin da ya zo ba shi aka gani a hoto ba, ɗan sahun da ya kawo shi zai mayar.